Wutar Bayan La'asar

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Inna ta kwana a zaune. Filo uku na jera mata a baya, ta ture ɗaya ta ce ita ba matar gwamna ba ce. Da gari ya waye na ji ƙirjinta yana fito kamar buta a kan wuta. Na jiƙa tawul na toshe ƙasan ƙofa, na bi tagogi ɗaya bayan ɗaya, amma har labule warin ƙuna yake yi.

Maigida ne ya ba ni wannan littafin, ragowar na 'yan ajinsa ne. Ya ce tunda na ƙi barci kuma na ƙi shiru, in riƙa zuba wa takarda, kunnensa ya samu hutu. To ga shi na fara.

Shekara bakwai ina wannan aikin, amma har yau in aka tambayi Inna me Auta take yi, sai ta ce leƙen gonakin mutane daga sama. Ba ta yi ƙarya ba. Tauraron ɗan'adam yana wucewa ta kanmu sau biyu da rana, ƙarfe goma da rabi da kuma ɗaya da rabi, ya ɗauki hoto ya turo ofis. Duk inda wuta ke ci a wannan lokacin, kwamfuta ta ɗiga jan ɗigo. Dogo, abokin aikina, shi ke ƙirga ɗigon. Ni hayaƙi ne rabona. In zagaye shi da layi a kan taswira, in ce wannan siriri ne, wannan mai kauri, in faɗi inda iska za ta kai shi. An girbe shinkafa, manoma suna ƙona kara don su samu su shuka alkama, kowace shekara haka muke fama. Doka ta ce gonar da aka kama da wuta sau biyu, hukumar ruwa ta rufe mata ƙofar ban-ruwa shekara guda. Yayana an kama shi sau ɗaya, bara.

Litinin, ƙarfe 2:20 na rana

Ɗigon yau ɗari uku da sha biyu. Rana irin ta yau bara, ɗari tara da arba'in. Oga ya fito daga ofishinsa yana washe baki, ya aika a sayo mana lemo, ya ce wayar da kai ta yi aiki, manoma sun ji magana. Dogo har da ɗaukar hoton allonsa.

Ni kuma na zana hayaƙi mai kauri tun daga gonakin arewa har ya rufe gari ruf. Ban taɓa zana irinsa a farkon wata ba. Wuta ta ragu kashi biyu cikin uku, hayaƙi ya ninka, kuma babu wanda ya ga abin tambaya a ciki. Na sha lemon.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Rana ta fito ja, ana kallonta ido da ido.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Na dawo na tarar da Inna a bakin taga, ta ɗan buɗe ta, ita da na hana. Na fara faɗa tun daga ƙofa, ta ɗaga min hannu ta ja iska ta hanci a hankali, irin na mai ɗanɗana gishiri. Ta ce karan shinkafa ne, kuma bai gama bushewa ba, shi ya sa yake da ɗaci. Ta ce wutar sabuwa ce, ba ta fi awa ɗaya ba.

"A zamaninmu da hantsi muke sa wuta," in ji ta. "Yaushe suka koma bayan la'asar?"

Ta tsare ni da ido. Na rufe tagar na shige kicin. Tukunyar da na wanke da safe na sake wankewa.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Akwai wani tauraron da ofis bai damu da shi ba. Shi ba ya wucewa, tsaye yake wuri ɗaya a can ƙololuwa, yana turo hoto duk minti goma. Idonsa ba shi da kaifi, gona hamsin yake haɗawa a tabo ɗaya, shi ya sa Oga yake kiransa tsoho mai yana a ido. Amma yana jin zafi.

Yau da kowa ya watse na buɗe shi. Ƙarfe biyu, gonaki shiru. Ƙarfe uku, shiru. Huɗu saura kwata sai tabo ya fara bayyana, ɗaya, uku, goma, kafin huɗu da rabi arewa gaba ɗaya ta kama. Na rufe kwamfutar da sauri kamar wadda aka kama tana sata.

Na san dalili. Ba yau zan rubuta ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na wanke labule, na goge tagogi, na sauya wa Inna zanin gado. Ba yau ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

To bari in rubuta, ko na samu in ci abinci.

Wata biyu da suka wuce na je ƙauye ɗauko Inna, don fukarta ta fara tashi kuma asibiti ya yi mata nisa. Kafin mu taso na tsaya gaida Yaya a gonar Baba. Yana zaune a gindin tsamiya da maƙwabtansa uku, yana mitar takardar gargaɗin da aka ba shi bara. Ya nuna ni ya ce ga 'yar bokon da tauraronsu ba ya barci ba ya ƙiftawa. Suka yi dariya. Ni kuwa iyayi ya motsa, mutum huɗu manya suna sauraro na. Na ce wane irin ba ya barci, goma da rabi ya wuce, ɗaya da rabi ya wuce, shi ke nan ya tafi. Na dare kuma kafin ya zo wutar kara ta daɗe da mutuwa.

Ɗaya daga cikinsu, mai jar hula, ya maimaita a hankali, "Ɗaya da rabi." Har na ji daɗi, wai an fahimci bayanina.

Ba su san sauran ba, amma ni na sani, don da shi nake cin abinci. Wutar tsakar rana hayaƙinta sama yake yi, zafi ya ɗaga shi, iska ta watsa. Ta yamma kuwa ƙasa ta fara hucewa, iska ta kwanta, hayaƙin ya rasa hanyar hawa, sai ya bi ƙasa ya gangaro cikin gari ya kwana tare da mu. Kenan ba ɓoye wutar kawai bakina ya yi ba, sauko da hayaƙin ya yi zuwa ɗakin uwata.

In na yi shiru, haka za a ci gaba har ƙarshen wata, kuma ban san ko ƙirjin Inna zai kai ba. In na yi magana, za a koma neman gonaki ɗaya bayan ɗaya, kuma Yaya ba shi da sauran gargaɗi. Tsoro nake ji. Haushin kaina kuma ya fi tsoron yawa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

An rufe makarantu. Maigida ya zama mai jinya, shi da ko shayi bai iya haɗawa ba. Ya ce shi da Inna sun ƙulla yarjejeniya, ita ta sha magani a kan lokaci, shi kuma ya daina karanta mata jarida.

Oga ya kira ni. An yi masa waya daga sama, an yaba, an kuma tambaye shi to wannan hayaƙin na waye. Ya juyo min da taswirata a kan tebur, ya ɗora biro a gefen gabas.

"Malama, wutarmu ta ragu, lissafi ya nuna. Wannan daga ƙetare yake shigowa. Ki ja masa wutsiya zuwa can, a huta."

Na ce Yallaɓai, kwana shida iska daga arewa take busowa. Ya ce iska ai juyawa take, kuma shi bai ce in yi ƙarya ba, cewa ya yi in duba da kyau. Ya miƙo min takardar yana murmushi. Mutumin nan ba mugu ba ne, shekara ashirin yana jira wani ya ce masa sannu da aiki, bana aka ce.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 10:55 na safe

Na ja wutsiyar. Ta yi kyau ƙwarai.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Na kira Yaya. Mun yi gaisuwa doguwa, iyali, yara, gajiya, kowa yana kewaye-kewaye. Sai na ce masa Inna ba ta iya kwanciya. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce ko a dawo da ita gida. Na ce gidan da ke tsakiyar wutar? Na roƙe shi kar ya ƙona bana. Na ce in ma ya zama dole, ya gaya wa mutane su koma yi da rana.

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce su koma da rana don Dogonku ya ji daɗin ƙirga su?

"Auta, kwana goma gare ni tsakanin girbi da shuka. Injin da aka ce zai zo ya markaɗe karan, guda ɗaya ne a ƙauye arba'in. Sunana yana kan takarda, na ɗari da wani abu. Ki faɗa min yadda zan yi da karan. In ci?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to shi ma bai sani ba, kuma hayaƙin gonarsa ɗaya ba shi zai rufe gari ba. Na ce kowa haka yake faɗa, su dubu nawa. Ya ce in gaida Inna. Na riƙe wayar a kunne bayan ya kashe, ban san me nake jira ba.

Abin da ya fi ci min rai, gaskiya ya faɗa. Yaya ne ya bar makaranta ya riƙe gonar lokacin da Baba ya rasu, ni na ci gaba. Da alkamar gonar nan na zama mai leƙen sama.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Asibiti. Layi har bakin titi, kowa da takunkumi, tari ta ko'ina. Likitar yarinya ce, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta saurari bayan Inna, ta ƙara mata abin shaƙa, ta ce in da hali a fitar da ita daga cikin hayaƙin nan.

Na ce zuwa ina. Ta ce ko'ina da iska mai kyau. Na kusa ce mata ni na zana taswirar da ke manne a bangon bayanta, kuma in ta duba za ta ga sai an yi tafiyar yini guda a mota kafin a fita daga baƙin layin. Inna ba za ta jure awa biyu a hanya ba. Na yi godiya muka taho.

A mota Inna ta ce likitar ba ta ci abinci ba, ta gani a fuskarta.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Tabon da ƙauyenmu yake ciki ya kama ƙarfe huɗu da minti goma. Gona hamsin ne a cikinsa. Ba lallai ba ne tamu.

Juma'a, ƙarfe 4:50

Tamu ce. Matar Yaya ta turo saƙo, wai sun gama da ta Baba lafiya, saura ƙaramar ta bakin magudana.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Ina shafa wa Inna mai a ƙafa ta ce in bari in zauna. Magana tana yi mata wuya yanzu, kalma uku ta tsaya ta nemi iska. Ta ce ranar nan tana cikin mota gilas a sauke, ta ji duk abin da na faɗa a gindin tsamiya. Ta ce tun ina ƙarama haka nake, in na san abu sai ya yi min ƙaiƙayi a baki.

Na sunkuyar da kai, ina jiran faɗa. Da faɗan ta yi da na ji sauƙi.

"Ki bar shi ya shuka alkamarsa," ta ce. "Yara shida gare shi. Kar sunan ɗan'uwanki ya fita ta hannunki."

Na ce, "Ke fa, Inna?"

Ta ce shekara saba'in tana shaƙar hayaƙin nan, da hannunta ta sha sa wutar tun kafin a haife ni, in ya zo karɓar nasa ba za ta yi masa gardama ba. Raina ya ɓaci. Na ce ba ita kaɗai ke numfashi a garin nan ba, ta je ta ga jarirai a layin asibiti. Ta ce ta gan su. Ta juya fuska bango. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai yau, kuma ko tashi ta bar min ɗakin ba za ta iya ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Tawul, taga, magani. Tawul, taga, magani. Maigida ya ce na zama mai gadin kurkuku. Na ce kuma ni ce fursunar.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 4:35 na yamma

Na tsayar da Dogo bayan tashi, na nuna masa tsohon tauraron. Ya ja kujera ya zauna yana kallon arewa tana kamawa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Kenan sati biyu iska nake ƙirgawa," ya ce.

Ya ce lokacin wucewar tauraro ba wani sirri ba ne, mai nema zai samu, amma wa zai zauna ya nema a ƙauye? Dole wani ne ya kai musu. Na ce ƙila. Ya ɗauki jakarsa ya ce shi bai ga komai ba, hotonsa yana jarida tare da Oga, matarsa har ta yanke ta ajiye. Ban ga laifinsa ba. Ni da na sani tun farko ma wutsiya na ja.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Asibiti, a kan benci. Maigida ya kira ni biyar saura, ina zaune ina kallon allo. Ya ce in taho, kar in tsaya tambaya. Motoci sun kunna fitila da rana tsaka, ba a ganin ƙarshen titi. Na sami Inna leɓenta ya sauya launi, idonta a buɗe yana nemana. An sa mata iskar oksijin. Gadonta a baranda yake, ɗakunan sun cika, tukunyar iska ɗaya suke rabawa da wani tsoho.



Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Tana numfashi. An ce a jira.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 3:15 na yamma

Na bar Maigida a wurinta na zo ofis. Wuta tana iya ɓuya wa tauraro, amma tabonta ba ya ɓuya. Duk bayan kwana biyar muna samun wani hoto mai kaifi da ke nuna kowace gona da iyakarta, kuma gonar da aka ƙona baƙa take fitowa ƙirin. Ba mu taɓa damuwa da shi ba tunda ɗigo yana yi mana aiki. Tun safe nake bin gonakin yankinmu ina zagaye baƙaƙen. Wajen azahar Dogo ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya fara saka wa kowace lambarta daga rajistar hukumar ruwa.

Na zo kan ta Baba. Ba sai an nuna min ba, ga ta a lanƙwashe kamar lauje, ga tsamiyar a ƙugunta, ɗigon kore ɗaya a cikin baƙi. Na tsallake ta. Na zagaye ta mai jar hula, na zagaye na sauran biyun, na wuce. Dogo bai san gonarmu ba.

Da na gama na ja baya na kalli taswirar gaba ɗaya. Duk yankin ya cika da layi, sai rami ɗaya fari a tsakiya, kuma ramin siffar lauje gare shi. Duk ɗan ƙauyenmu da ya kalla zai san gonar waye, zai kuma san 'yar gidan waye ta zana. Mutum ukun nan daga bakina suka ji, za a rufe musu ruwa, ɗan'uwana yana ban-ruwa a tsakiyarsu.

Na kashe kwamfutar da ramin a ciki.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Tsohon da suke raba tukunyar iska da Inna, an sauya zanin gadonsa. Yanzu tukunyar tata ce ita kaɗai. Ban tambaya ba.

Juma'a, ƙarfe 12:10 na rana

Na cike ramin. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba, hannuna ya san iyakar gonar nan tun ina kai wa Baba ruwa. Dogo ya duba rajista ya saka lamba, ya karanta sunan mai gonar, ya ɗago ya kalle ni. Na ce ya ci gaba.

Gona ɗari biyu da sha huɗu, ta Baba ce ta goma sha huɗu daga sama. Na haɗa da hotunan tsohon tauraron na kwana goma. Na goge wutsiyar da na ja. Na ƙara shafi guda a kan injin nan ɗaya tilo na ƙauye arba'in, na rubuta cewa in ba a kawo injuna ba, rufe ruwa ba zai kashe wuta ba. Ban sani ba ko akwai mai karanta shafin ƙarshe.

Rahoton mako ni nake turawa duk Juma'a, ga ma'aikatar lafiya da hukumar ruwa. Na tura, sannan na buga kwafi na kai wa Oga. Ya karanta a tsaye. Fuskarsa ta sauka a hankali har ya ba ni tausayi. Ya tambaya ko ya riga ya fita, na ce ya fita. Ya zauna. Ya ce wane munafuki ne ya gaya wa manoma lokacin.

Na ce, "Ni ce, Yallaɓai."

Ya ce in je wurin mahaifiyata, za a neme ni. Ban san me hakan ke nufi ba, kuma yau ban damu ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Hayaƙi yana nan yadda yake. Wai me na zata, takarda za ta share sama?

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Yaya ya zo. Tun asuba ya taso, ya shigo baranda da leda a hannu, ya rame, idonsa ja. Ya durƙusa a gefen gado ya ce Inna sannu. Ta buɗe ido ta gan shi, fuskarta ta yi haske, ta miƙa hannu. Sai tari ya sarƙe ta. Tari, tari, har na'urar ta fara ƙara. Nas ta zo da gudu, ta ja hanci, ta ce Malam rigarka ce, fita waje don Allah. Ya tashi yana kallon rigarsa kamar bai taɓa ganinta ba. Ni tun shigowarsa na ji warin hayaƙin, shi hancinsa ya saba.

Maigida ya bi shi, ya tuɓe tasa ya ba shi, ya zauna da singileti yana cewa dama zafi yake ji. Rigar ta yi wa Yaya kaɗan, hannun bai kai wuyan hannu ba. Muka zauna a benci ni da shi, kafin Inna ta lafa.

Ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce ya shuka ta Baba ranar Laraba, saura ruwan farko. Ya ce ƙaramar ce ta rage, kuma kwana uku gare shi. Ya ce ana ta raɗe-raɗi a ƙauye wai an sauya tauraro. Bai kalle ni ba da ya yi tambayar, kuma na ga kunya a wuyansa.

"Auta, ƙarfe nawa yake wucewa yanzu?"

"Ba ya wucewa, Yaya. Tsaye yake."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na ce masa kuma an daina neman wuta, tabo ake bi, gona-gona, kuma takardar ta riga ta tafi hukumar ruwa. Ya daina juya hular.

"Ta Baba?"

"Ta goma sha huɗu."

"Wa ya zana?"

Na kawar da kai, bai sake tambaya ba. Na so ya zage ni. Na so ya tuna min waye ya bar makaranta. Ya dai zauna yana kallon ledar da ke tsakanin ƙafafunsa, lemon zaƙi ne ya kawo wa Inna. Can nas ta leƙo ta ce zai iya shiga. Ya tashi ya ja rigar ƙasa, ya wuce ta gabana bai taɓa ni ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Yaya ya koma jiya, bai yi min sallama ba. Rigarsa tana cikin leda a ƙarƙashin benci, na ɗaure bakinta. Daga ofis babu wanda ya kira.

Ɗazu Inna ta janye abin iskar daga bakinta ta yafito ni. Na kai kunne. Ta ce ya shuka alkamar? Na ce ya shuka, Inna. Ta ce alhamdu lillahi, ta mayar da abin da kanta, ta lumshe ido. Ban gaya mata maganar ruwa ba.

Yanzu tauraron yake wucewa ta kanmu, na duba agogo don sabo. Tana barci a kwance, filo ɗaya, karo na farko cikin sati uku. Na san tukunyar ce take yi mata, ba takardata ba. Ina zaune ina ƙirga numfashinta, na kai ɗari biyu da sha huɗu na sake farawa.